Amana a Harshe Huɗu

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Wani lokaci jikana yakan gaishe ni in tsaya ina laluben sunansa. Amma akwai kwana goma sha biyu da ba zan manta da su ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Kwanakin da na yi ne, mafi yawansu ina yawo a kan jaki tsakanin Tarka da Tanut, ina tambayar mutane ma'anar kalmar da na sani tun kafin in iya ɗaura wando. Kalmar kuwa ita ce amana.

Ƙauyenmu yana yamma da Tanut, tafiyar yini guda. Mahaifina manomi ne, kuma mai masaukin Abzinawa. Duk kaka ayarinsu yakan sauka a bayan gidanmu, su loda gero, su bar mana gishiri da dabino. A cikinsu akwai wani dattijo da suka shaƙu da mahaifina ƙwarai. Shekarar da aka yi yaƙi a Abzin, Nasara suka bi Abzinawa da wuta, dattijon nan ya biyo ta gidanmu a gurguje zai gudu gabas da iyalinsa. Yana jaye da wata 'yar taguwa da ba ta taɓa haihuwa ba. Ya damƙa wa mahaifina akalarta, ya ce in ya dawo zai karɓa, in bai dawo ba ɗansa zai zo. Babu rubutu, babu wanda aka kira ya shaida. Ni ma a lokacin ina gona, daga baya aka ba ni labari.

Shekara shida mahaifina yana kiwonta. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni ya ce, "Taguwar nan da abin da ta haifa amana ce. Ka ji?" Na ce na ji. Kuma Allah ya sani a ranar da zuciya ɗaya na amsa.

To, amma bayan rasuwarsa da shekara biyu, taguwa ɗaya ta zama raƙuma shida, ni kuma na zama wani abu a ƙauye. Ina loda gero in kai Damagaram, in dawo da goro da tufafi. A bayan raƙuman nan na yi aure, a bayansu na ƙara rumbu biyu. Mutane suka fara kirana mai raƙuma, ni kuma ina amsawa har da gyaran murya. A zuciyata na riga na binne dattijon nan da iyalinsa duka a cikin hamada, na yi musu addu'a, na shafa.

Sai dai in faɗi gaskiya, zamanin ma na zargi ne. Nasara suna kama raƙuma don ɗaukar kayansu, wanda aka kama kuwa da wuya ya dawo da ƙafarsa. Suna da 'yan leƙen asiri masu shiga ƙauyuka cikin tsumma, su sha furarka su je su faɗi abin da ke garkenka. Shi ya sa da rani ya yi nake kai nawa can cikin kwarin Tarka, kusa da rugar wani Bafillace abokin mahaifina. Ga kuma mayaudara. An sha jin wani ya zo ya ce shi ne magajin wane da ya gudu, ya kwashi ajiya, bayan wata biyu magajin gaskiya ya iso. Ni kuwa da ma can haka Allah ya yi ni. Ko kaza ta yi mini kallon gefe sai na tambayi wanda ya aiko ta.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, zafi ya fara dukan ƙasa, aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na tarar da wani Ba'abzine tsaye, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Rawaninsa ya koɗe, takalminsa ɗaure da igiyar kaba. Abin da ya fara tsaya mini shi ne a ƙasa ya zo. Ba'abzine da ƙafa, babu ko jaki? Ya ambaci sunan mahaifina, na ce ya rasu. Ya sunkuyar da kai ya yi masa addu'a mai tsawo. Hausarsa ta yi tsatsa, sai ya tsaya ya nemo kalma kafin ya faɗe ta. Amma da ya zo kan abin da ya kawo shi, bai yi lalube ba.

"Na zo karɓar amana," in ji shi.

Na ɗaure fuska na ce, "Wace amana?"

Ya ce ubansa ya mutu a gabas, 'yan'uwansa ma haka, saura shi da uwarsa. Sun yi wata da watanni suna tahowa, har ƙafafun tsohuwar suka ƙi a wata rijiya gabas da Tenhiya. Ya bar ta wurin wasu makiyaya, amma nonon dabbobinsu duk ya ƙafe. Ba ta iya haɗiye tuwo, ba ta iya haɗiye fura, nonon raƙumi kaɗai cikinta yake karɓa. Ya ce in akwai mai shayarwa a cikin abin da taguwar ta haifa, ita yake so da gaggawa, sauran ba ya sauri.

Akwai kuwa. Tsohuwar taguwar da kanta tana da ɗan wata uku, nono har yana zuba. Amma abin da na ce a raina shi ne, kowane mayaudari yana da tsohuwa marar lafiya a wata rijiya mai nisa. Na tambaye shi da me zan gane shi ɗan mai ita ne. Ya ce tun tana ƙarama wani ƙurji ya fito mata a cikin cinyar hagu ta baya, can sama inda ido ba ya kai wa. Ubansa ya ƙona wurin da ƙarfe, layi uku, shi ne ya riƙe mata kai. Shekara takwas ina tare da taguwar nan, ban taɓa ganin wannan tabo ba. Na ji wani sanyi a raina, na ce lalle ƙarya ta kama kanta. Na gaya masa raƙuma suna nesa, sai na bincika.

Kwana biyu ya yi a gindin aduwar ƙofar gidanmu. Innata, wadda Badagira ce, wato Barebarin Damargu, ita ke aika masa da fura safe da yamma, ni kuwa ina aikin sa masa ido. Ya dubi hanyar Tanut, na ce sojan raƙumi yake jira. Ya dubi rumbunanmu, na ce ƙirga su yake yi. Da na ga yana zane-zane a ƙasa da yatsa, irin rubutun nan nasu na ɗigo da da'ira, sai na ce shi ke nan, taswirar gidanmu yake yi wa Nasara. Har sallarsa na tsaya na duba ko zai yi kuskure. Bai yi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi, na ce an koya masa da kyau.

Ran na uku da sassafe ya ce ba zai iya ƙara kwana ba, hankalinsa yana wurin uwarsa. Ya kwatanta mini rijiyar dalla-dalla. Ya ce, "Ɗan mai masaukinmu, ko guda ɗaya mai nono. Ina jiranka." Na ce to. Na san in na ba da ɗaya na amsa cewa duka nasa ne, wannan shi ne abin da ban so.

Yana ɓacewa na ɗaura wa jaki akumari na nufi Tarka. Mai raƙuma shida a kan jaki, ƙafafuna suna jan ƙasa. Kwana biyu na isa. Ko ruwa ban tsaya sha ba, na durƙusar da taguwar na daɗa mata dabaibayi, na kutsa kai ina buɗa gashin cinyarta. Ga su nan. Layi uku, sun yi fari, kwance a jere.

Duk mai hankali a nan zai miƙe ya kama akala ya nufi Tenhiya, kwana huɗu ya isa. Ni kuwa ina durƙushe sai wani tunani ya zo mini: wa ke tatsar taguwar nan in ba na nan? Bafillacen nan ne. Wa zai iya ganin tabon ya gaya wa wani su raba? Shi ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana cin abinci ƙwarya ɗaya da mahaifina, cikin ƙiftawar ido na mai da shi ɓarawo.

Ina cikin haka sai ga shi ya iso, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta. "Kai Kaɗo," in ji shi, "me ka ajiye a cinyar taguwa?"

Na ce ƙaya nake cire mata. Muka zauna a inuwa ya ba ni ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye ina duban idonsa, ina jira ya yi tuntuɓen baki. Na tambaye shi ko wani baƙo ya biyo ta nan, ya ce tun da ruwa ya ɗauke babu wanda ya zo sai kura. Can na ce, "Baffa, ku a Fillanci yaya kuke ce wa amana?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Amana mana. Ai tamu ce, ku Haɓe kuka ara ba ku mayar ba."

Na ce to, in mutum ya bar wa wani dabba ta hayayyafa a hannunsa fa? Sai ya gyara zama, don an taɓo inda yake so. Ya ce su suna da wata al'ada, habbanaye. Ka ɗaura wa ɗan'uwanka karsana, ta haihu sau uku a wurinsa, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Kai, ban san lokacin da na matso kusa da shi ba! Na ga raƙuma biyar sun dawo hannuna, tsohuwa ɗaya ta tafi. Na ce ashe ma abin da sauƙi.

Ya tsaya yana kallona. "Wannan habbanaye ne, ba amana ba. Kowanne da sunansa. Amana ko gashinta ya zuba, na mai ita ne." Ya nuna raƙuman da haɓa. "Waɗannan, me marigayi ya kira su da bakinsa?"

Na ce ban riƙe ba. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce, don tashi kawai ya yi ya bi shanunsa. Maimakon in ji kunya, sai na ce a raina, ka gani, yana goyon bayan Ba'abzinen, lalle bakinsu ɗaya.

Washegari na bar raƙuman inda suke na kama hanyar Tanut. Dabarar da na ƙulla ita ce: dattijon da ya kawo taguwar ba Bahaushe ba ne. In ya ce amana, wa ya san abin da yake nufi a harshensu? Wataƙila a Tamajak kalmar tana da wata ƙofa da Hausa ba ta da ita. Haka na yi ta gaya wa kaina da jakina har muka isa.

Ran kasuwa na sami wani tsohon malami da ke zama a rumfa gefen masu sai da fata, yana rubuta wa mutane wasiƙa. An ce ya yi karatu har Barno. Na durƙusa na gaishe shi. Sai da na zauna na lura da wanda ke gefensa a kan buzu: tafintan bariki ne, da jar hularsa, da wani kaye, irin littafin rubutun nan na Nasara, a kan cinya. Na sha jinin jikina. Wannan in ya ji kalmar raƙumi daga bakina, gobe sojoji suna Tarka. Amma na riga na zauna.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya aiko ni. An bar wa ubansa wata akuya, aka ce amana ce. Wanda ya bari ɗin ba Bahaushe ba ne. Shi ne yake so ya san kalmar nan ta wane harshe ce, kuma ko ma'anarta ɗaya ce a ko'ina."

Kafin malam ya buɗe baki tafinta ya fashe da dariya har yana buga cinya. Ya ce kalmar nan ta kusa kai shi gidan kaso. Kumandan barikin ne ya sa shi aikin tattara kalmomi, ya ja layi huɗu a kaye: Hausa, Tamajak, Barbarci, Fillanci. Kowace kalma a rubuta yadda kowa ke faɗinta. Ruwa, huɗu daban. Wuta, huɗu daban. Da aka zo amana, ya rubuta abu ɗaya sau huɗu. Kumandan ya duba ya ce ha'inci ne, tafinta ya gaji ne yana cika layi don ya tashi. Ya sa aka kamo mutum huɗu daga kasuwa, aka shigar da su ɗaya bayan ɗaya don kada su haɗa baki. Kowanne ya faɗi abu guda, kuma kowanne ya rantse tun kakanninsa kalmar tasu ce.

Ya buɗe kayen ya nuna mini. Ban iya karatun Nasara ba a lokacin, amma ina da ido. Sauran layukan kowane gida da irin zanensa. Wannan layin kuwa zane ɗaya ne ya maimaita kansa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar sawun akuya guda a kan rairayi.

Malam ya ce, "Duk su huɗun sun yi rantsuwar banza." Ya jawo allo ya rubuta ta da baƙaƙen Larabci. Ya ce baƙuwa ce a wurin kowa. Daga Larabci ta fito, ta biyo malamai da fatake, wasu ta hamada, wasu ta Barno, kowane harshe ta sauka aka ba ta masauki har aka manta ba 'yar gida ba ce. Ya rufe wasu baƙaƙen da yatsa ya bar uku, ya ce daga waɗannan ukun aka sami imani, aka sami aminci, aka sami amin da muke cewa bayan addu'a. Tushensu ɗaya, wato zuciya ta kwanta ba ta tsoron komai daga wurinka.

Tafinta ya sa baki ya ce amma fa akwai ɗan ƙari wurin Abzinawa. Abin da marar ƙarfi yake kai wa mai ƙarfi don a bar shi ya zauna lafiya, shi ma amana suke ce masa. Har harajin da suke kai wa bariki yanzu, haka wasunsu ke kiransa.

Na yi zumbur. Na ce, "To, Allah gafarta Malam, ashe yana yiwuwa akuyar nan ba ajiya ba ce. Wataƙila an ba uban abokin nawa ne don a zauna lafiya."

Malam ya ajiye alƙalami. Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, a hankali, bai yi sauri ba. "Samari, uban abokin naka sarkin ina ne? Dawaki nawa gare shi? Wa ke tsoronsa?"

Na ce manomi ne.

"To, manomi ba a kai masa wannan. Abin da ake kai wa manomi shi ne abin da ake tsoron ya ɓace, don an san a hannunsa ba zai ɓace ba." Ya ɗauki alƙalaminsa. "Ka gaya wa abokinka, wanda ke son ya mayar ba ya tambayar asalin kalma. Ka gaishe shi."

Tafinta yana murmushi yana kallona, na tabbata ya gane babu wata akuya. Na yi sallama na fita da sauri, ina waiwaye ko an biyo ni. Ko a nan ban saduda ba. A hanyar gida ina ta saƙa cewa malamin nan ai da tafinta yake zama, tafinta kuwa na Nasara ne, Ba'abzinen ma wa ya sani. Na tara mutum huɗu waɗanda ba su yi mini komai ba, na ɗaure su da igiya ɗaya, duk don kada in dubi wuri guda da ya rage, wato ni kaina.

Na isa gida da la'asar, Inna tana kaɗi a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika yi mini doguwar magana ba. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "An kai?"

Na zauna na shiga ba ta labari, ina ƙawata shi. Na faɗi na Bafillace, na faɗi na tafinta da kayensa, na ce al'amarin yana da zurfi, sai an bi a hankali. Har na ce mata, "Inna, ku a Barbarci fa, yaya take?"

Ta tsai da mazari. "Yadda take a bakin ubanka ran da ya kira ka." Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Kai wannan, tun da kake ɗora musu kaya, ka taɓa ganin alamar gidan nan a wuyan ko ɗaya? Duk wanda aka haifa, alamar mai taguwa ubanka yake ƙona masa. Har maƙera ya je aka ƙera masa ƙarfen. Shi Hausa kaɗai ya iya, ya kuwa gane. Kai ka zaga harshe huɗu ka dawo mini da tambaya." Ta koma kan kaɗinta. Can ta ce, ba da ƙarfi ba, "Da ni ce kwance a bakin rijiyar nan fa?"

Wannan ita ce ta kashe mini jiki. Duk kwanakin nan ban taɓa ganin tsohuwar a matsayin mutum ba, dabara ce kawai a bakin mayaudari. Yanzu sai na gan ta da fuskar Inna. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya, don na fara ƙirga kwanaki.

Da asuba na koma Tarka. Bafillacen bai tambaye ni komai ba, ya taya ni ɗaure su a jere, ya cika mini salka. Na bar masa jakin na hau babban raƙumin, na ja sauran biyar, har da ɗan jaririn yana bin uwarsa. Na bi ta arewa da Tanut don kada in haɗu da sojoji. Kwana huɗu ina tafiya ina tsara abin da zan ce. Zan ce raƙuman sun ɓace ne sai da na nemo su. Zan ce zazzaɓi ya kama ni.

Na isa rijiyar da hantsi, rana ta goma sha biyu da rabuwarmu. 'Yan bukkokin tabarma uku ne, da awaki ramammu kwance a inuwar ƙaya. Na hango shi zaune shi kaɗai. Ya miƙe ya taho, ya kama akala na sauka. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasu, ana taɓa hannu ana janyewa. Na ce, "Ina mai jiki?"

Ya juya ya nuna mini wani tudu a bayan bukkokin. An jera duwatsu, an ɗora ƙaya a kai saboda kura. Ya ce, "Yau kwana uku."

Duk ƙaryar da na tsara ta bi iska. Da na taho kai tsaye ran da na ga tabon, da na riske ta da kwana uku a gaba. Ko nonon zai tashe ta, ko ba zai tashe ta ba, wannan sanin Allah ne, kuma mutane da yawa sun gaya mini haka don su sanyaya mini rai. Amma da ta sha.

Na jira ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni, ko ya zare takobi. Bai yi ba. Ya bi raƙuman ɗaya bayan ɗaya yana shafa wuyansu, yana tsayawa a kan alamar ubansa. Da ya zo kan tsohuwar taguwar ya daɗe da goshinsa a jikinta. Sannan ya ce, "Ubanka mutum ne. Allah ya ji ƙansa." Ni kuwa bai ce komai a kaina ba.

Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Ya ɗauko akushi ya wanke, ya saki ɗan ya fara tsotsa, sannan ya tatsa. Ina ji nonon yana sauka a cikin akushin, har ya cika ya yi kumfa. Ya taho da shi da hannu biyu ya durƙusa ya miƙo mini, domin ni baƙo ne na sha hanya, kuma a wurinsu baƙo ke fara sha. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Sha." Ba a mayar da wannan, duk wanda ya zauna da Abzinawa ya sani. Na karɓa, kabarin yana gabana, na kafa kai. Nonon da ɗumi, da daɗi kuma, wannan ne ya fi ci mini rai. Na shanye ina hawaye, shi kuwa yana tsugune yana jira ya karɓi akushinsa.

Da ƙafa na koma gida, ya so ya ba ni raƙumi in hau na ƙi. Daga baya na yi karatu, na iya rubuta kalmar nan da baƙin Larabci da na boko, har nakan ba yara labarin inda ta fito. Amma ban ƙara sa nonon raƙumi a bakina ba. Abin da na koya kuwa shi ne, ran da ka ga kana zargin kowa a kan abin da ke hannunka, kana neman a fassara maka maganar da ka riga ka gane, to ka bar binciken mutane. Ka tashi ka kai wa mai abu abinsa tun yana da amfani a gare shi.